Saura Ɗaya, Malam Tsurumi

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Nuwamba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Tsurumi Sohei a gidansa da ke unguwar Osu a nan Nagoya, yana da shekara tamanin da takwas. Ina shagona ina wasa aska 'yarsa Kaho ta bugo waya. Ba ta ja magana ba, ta ce Baba ya tafi, a zaune aka same shi da ƙyallen audugarsa a cinya. Na ajiye askar, na rufe shago, na zauna a kujerar da ya saba zama in yi masa aski. Duk wanda ya zo duniya zai koma, wannan na sani tun ina yaro, amma sanin bai rage mini komai ba ran nan.

Malam, waɗanda suka fi ni iya alƙalami sun riga ni yi maka ta'aziyya. Ni na dakata har aka yi addu'ar kwana arba'in da tara, domin akwai aikin da ka bar mini, kuma ban so in yi maka magana kafin in gama shi. Yanzu na gama, shi ya sa na zo in ba ka labari.

Duk ƙasar nan, in ana maganar tsuba, wato faifan ƙarfen nan da ke tsakanin mariƙin takobi da kaifinsa don kare hannun mai sara, sai an ambaci sunanka. Mutane kan taso daga nesa da 'yar tsubarsu a naɗe, su zauna a gabanka su yi tsit. Kai kuwa ba ka fara da kallo. Sai ka rufe ido, ka bi bakinta da babban yatsa kana neman 'yan ƙulle-ƙullen nan da muke kira ƙashin ƙarfe, ka auna nauyinta a tafin hannu, wani lokaci har ka sansana. Sannan ka buɗe ido ka ce wannan aikin maƙeran yankin Owari ne, tun zamanin yaƙe-yaƙe, ko ka ce wannan an yi ta bayan an zauna lafiya, lokacin da takobi ya zama ado. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in ji masu magana. Kai yatsanka ma ya sani.

Aski ne ya haɗa mu, shekara talatin da wani abu. Duk zuwan da ka yi, ina yafa maka zane sai in ga hannunka yana motsi a ƙarƙashi, daga farkon aski har ƙarshe. Na daɗe ina zaton ƙaiƙayi ke damun ka, har wata rana na kasa haƙuri na ce akwai wani magani da matata ke shafawa. Ka yi dariya har na kusa yanke maka kunne, sannan ka fito da wata tsuba baƙa da kake murzawa da ƙyalle, ka ɗora mini a hannu.

"Me ka ji?" ka ce.

Na ce na ji gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, kamar askar da aka daɗe ana wasawa ta fuska guda.

"Ebisawa, kana ɓata yatsun nan a kan gemun mutane. Ka zo gidana ran Asabar."

Na je, kuma daga ranar ban fasa zuwa ba. A lokacin ɗakinka kan cika da mutane, likitoci da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, kowa a durƙushe har ƙafa ta mutu. Sai ka jera tsuba a kan jan ƙyalle, kowa ya ɗauka ya juya ya faɗi zamaninta da maƙeranta. Wanda ya dace, kai da kanka kake tsiyaya masa shayi. Wanda ya kuskure kuwa sai dai ya tsiyaya wa kansa, kuma ba za ka gaya masa inda ya ɓace ba. Ni da na saba cewa mutane su zauna shiru kada su motsa, sai ga ni ana ce mini in zauna shiru in sake dubawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, wanzami dai ba ya son jarfa.

Ban taɓa jin kalmar jabu ta fito daga bakinka a gaban mai kaya ba. Na tuna wata tsohuwa da ta kawo tsubar mijinta bayan ya rasu, wadda ya saya da dukan abin da aka sallame shi da shi daga aiki. Tun daga inda nake zaune na hango layin zubi a cikin hudarta. Kai kuwa sai ka yabi akwatin, ka yabi ɗinkin jakar, ka tambaye ta wane irin mutum ne marigayin, kuka yi ta hira. Daga ƙarshe ka ce irin wannan ba a sayarwa, ta ajiye ta kusa da hotonsa. Da ta fita na ce maka ai wannan zubi ce ba ƙira ba, ko makaho ya shafa ya sani. Ka ce ka sani, amma ita ba zancen ƙarfe ya kawo ta ba, ta zo ta ji ko mijinta wawa ne, kuma kai ba ka da hurumin yanke wa mamaci wannan hukunci.

Sau ɗaya kawai na ga ranka ya ɓaci sosai, ranar da wani ya kawo tsohuwar tsuba ya goge ta da takarda mai yashi har tana sheƙi, yana murna ya cire mata datti. Ka tashi ka bar ɗakin, Uwargida Fumiye ce ta sallame shi. Bayan ya tafi ka ce mana baƙar fatar nan shekara ɗari huɗu ta ɗauka tana tsirowa, ya kankare ta kafin ruwan shayi ya tafasa. Daga nan ka kafa mana doka, kuma muka riƙe ta kamar addini: ƙarfe ba ya taɓa tsuba. Jar tsatsa da tsinken ƙahon barewa ake bin ta a hankali, sauran kuma aikin ƙyalle ne da haƙuri.

Sai maganar akwatin, wanda shi ne abin da ya hana ni barci tun da ka tafi.

A ƙuryar ɗakinka akwai wani akwatin katako mai durowoyi, cikinsa tsuba sun haura talatin, duk ba suna ba shaida. Wasu tsofaffi ne na ainihi, wasu kuma ƙirar ƙanenka Kenzo ce. Ban riski Kenzo ba, amma ka ba ni labarinsa har na ji kamar na san shi. Maƙeri ne da Allah Ya ba hannu. Yakan nemo ƙusoshin tsofaffin haikali da fasassun tukwanen shayi ya narke ya ninke, ya ƙera tsuba, ya binne ta a ƙasa, ya turara ta, ya ba ta shekarun da ba ta yi ba. Wasa ne tsakaninku, duk sabuwar shekara ya kawo maka ɗaya a cikin tsofaffi ya ce in ka isa ka fitar. Ana nan sai ɗaya ta sulale ta shiga kasuwa ta hannun wani baƙo, aka sayar da ita a Tokyo a matsayin tsohuwa, har hotonta ya shiga littafin da ɗalibai ke koyo da shi. Ka sha wahala kafin ka dawo da ita gida. Kenzo kuwa kunya ta sa ya kashe wutar maƙerarsa, bai sake ɗaukar guduma ba har ya bar duniya.

Da wannan akwatin kake gwada wanda ka ga zai iya. Duk kaka, in iska ta bushe, sai ka sa in zazzage shi in jera sahu biyu, tsofaffi a dama, na Kenzo a hagu. In na gama ka duba, ka ce, "Da saura," ka tattara ka cakuɗa su, sai baɗi. Ba ka faɗin guda nawa na ɓata, balle waɗanne. Na sha yin fushi, wata shekara har na ce maka wannan mugunta ce ba koyarwa ba. Ka ce malaminka ya taɓa gaya maka amsar wata tsuba, kuma tun daga ranar ba ka sake ganin ta ba, amsar kawai kake gani. Ka ce ba za ka kashe mini ido da bakinka ba.

Akwai wata a ciki mai hoton tsuntsayen dinya biyu a tashe, an huda ƙarfen an bar su kamar za su fice ta baki. Ranar da na fara ganin akwatin, ina ɗanyen mai aski da bai san komai ba, ita na ɗauka na ce kai, wannan akwai kyau. Ka dube ni kawai ka mayar da ita. Da na fara ganin kaina masani sai na koyi abin da duk 'yan sana'ar nan ke koya, cewa abin da ya burge ka a kallon farko shi ne abin zargi, domin don ya burge ka aka yi shi. Ta cika kyau, ta cika santsi, ba ta da wani aibu da zai nuna ta sha duniya. Ga shi kuma na lura duk ranar tunawa da rasuwar Kenzo ita kake fitowa da ita ka riƙe. Sai na ce shi ke nan, kan mage ya waye. Tun daga nan kowace shekara ita nake fara ajiyewa a hagu.

Ka yi mana wasiyya da baki, ni da Uwargida, ba sau ɗaya ba. Ka ce in ka mutu, tsofaffin a kai gidan tarihi na gari, na Kenzo kuma a raba kowace gida biyu da zarto. Na ce me zai hana a buga musu hatimi kawai. Ka ce hatimi ana gogewa, tsatsa kuma ana sake shuka ta, ka ga waɗanda suka cire sunan maƙeri suka sa wani. Ba ka son ƙanenka ya sake jin kunya a inda yake.

Asabar ɗin ƙarshe, mu uku ne kawai muka rage a ɗakin da a da ba masaka tsinke, ɗaya ma ba ya ji sai an yi ihu. Na jera sahuna biyu. Ka daɗe kana bin su da yatsa, sannan ka ɗago.

"Saura ɗaya."

Na ce wacce, don Allah, Malam.

"Shekara talatin ka jira, mako guda ne zai kashe ka? Bar su yadda suke. Ka dawo Asabar, ka fitar da ita da kanka, in tsiyaya maka shayi."

Ba ni mako gudan ya kashe ba. Ranar Asabar ɗin da ka ce in dawo, an riga an ƙone gawarka yadda ake yi a nan, tokarka ce a ɗakin cikin farin tulu, sahu biyun nan kuma suna nan a kan jan ƙyalle yadda na bar su.

Ka ga inda ka bar ni, gaba kura baya siyaki. Ɗaya tana sahun da ba nata ba, ban san wacce ba, ban san ta wane ɓangare ba. In ƙirar Kenzo ce ta shige dama, to ƙarya za ta zauna a gidan tarihi a bayan gilashi da sunanka a ƙarƙashinta, ɗalibai su yi ta koyo da ita. In kuwa tsohuwa ce ta faɗa hagu, ni da hannuna zan yanka abin da ya tsira daga yaƙe-yaƙe da gobara da girgizar ƙasa. Lokaci kuma ba ya jira, domin an riga an sayar da gidan za a rushe a yi wurin ajiye motoci, Uwargida za ta koma wurin Kaho a Sapporo da zarar an gama addu'ar kwana arba'in da tara.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Kullum da safe in je in durƙusa in bi su ɗaya bayan ɗaya har yatsana ya daina jin komai. Na gayyato masana biyu daga Tokyo, ɗaya ya nuna wata a dama, ɗayan ya nuna wata dabam, suka yi ta musu cikin ladabi har jirginsu ya kusa tashi. Na tambayi masu na'ura, suka ce na'ura shekarun ƙarfe take iya lalubowa, Kenzo kuwa da tsohon ƙarfe yake aiki. Sai ga Mizokuchi dillali, wanda ka hana shiga ɗakinka shekara da shekaru, ya zo gaisuwa da turarensa da kwandon lemo. Bai gama sunkuyawa gaban hotonka ba idonsa na kan ƙyallen.

"Haba Ebisawa, kai fa mai aski ne, me ya kai ka aikin mahauta? Ba ni su duka in raba ka da ciwon kai. Duk wadda aka ce daga akwatin Tsurumi ta fito, wa ya isa ya ce jabu ce?"

Na ce masa abin da ya sa za a yanka su ke nan, ya ɗauki lemonsa in yana so. Amma maganarsa ta kashe mini dabara ɗaya da ta rage. Na yi tunanin in kwashe na hagu in ɓoye a gidana, to ni ma na haura saba'in, ba ɗa ba jika. Ranar da na faɗi, irin su Mizokuchi ne za su fara isowa.

Washegarin addu'a, da safe, sanyi har cikin ƙashi, na kafa teburin aiki a tsakar gida kusa da bishiyar da kake zama a gindinta. Uwargida ta zauna a bakin ƙofa da bargo a gwiwa. Na ce a raina bari in fara da wadda ba ni da shakka a kanta, hannuna ya saba tukuna kafin in kai ga masu wuya. Na ɗauki mai dinya, na matse ta, na sa zarto. Ta yi tauri, na daɗe ina ja. Da ta rabu na duba bakin yankan, na ga wasu baƙaƙen jijiyoyi sun ratsa daga fata har tsakiyar ƙarfen. Ban taɓa ganin cikin tsuba ba, wa ya taɓa gani a cikinmu? Na ce ashe haka cikin aikin Kenzo yake, na ajiye.

Na yanka ta biyu. Cikinta fari tas, baƙin a sama kawai yake, kamar lalle a tafin hannu. Na yanka ta uku, ita ma haka. Nan zarton ya suɓuce daga hannuna.

Tsatsar da aka shuka a 'yan shekaru a fata take tsayawa. Wadda ta yi shekara ɗari huɗu kuwa sai ta bi ninkin ƙarfe ta yi saiwa har ciki. Na sake ɗaukar ɓarin mai dinya na bi bakinta da yatsa, sai ga ƙashin ƙarfen nan a lafe, ya cinye ta gefen da ke gogar tufafin mai ɗaukar takobi, irin abin da na ji a shagona ranar farko kafin in san komai. Yana nan duk shekarun nan, ni ne na daina ji. Santsin da nake zargi kuwa ba na maƙeri ba ne, na hannunka ne. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kake riƙe ta ranar Kenzo, domin duk dinyar da ya ƙera a sauran, fiffikenta daga wannan ya kwaikwayo.

Na ƙarasa sauran duka, don wasiyya wasiyya ce, kuma kowace na yanka ina roƙon Allah in ga baƙin jijiya ko da a ɗaya, in ce ƙila haka wasu suke. Ban gani ba. Kaho da ta fito ta ji abin da ya faru, cikin tausayi ta tambaye ni me ya sa ban ɗan goga cikin hudar kowace da magagari na leƙa ba kafin in yanka. Ni da masanan Tokyo da dukanmu, ba wanda abin ya zo wa a rai, domin ƙarfe ba ya taɓa tsuba. Na yarda in raba ta biyu saboda wasiyya, amma ko a mafarki ban yi tunanin in ƙwarzane ta ba.

Na durƙusa gaban Uwargida na miƙa mata ɓari biyun, na gaya mata gaskiya ba tare da na rage komai ba. Ta haɗa su a tafin hannunta, dinya ɗaya a nan ɗaya a can, ta daɗe tana kallo. Sannan ta tashi da ƙyar ta shiga, ta naɗe su a ƙyallen audugarka ta ajiye kusa da tulun. Ta dawo da butar shayi da ƙoƙon da kake ba wanda ya dace.

"Ya ce mini bana za ka gane ta," ta ce. "Ga shi ka gane."

Ta tsiyaya mini. Na karɓa da hannu biyu, na riƙe har ya huce, ban iya kai shi baki ba.

Tsofaffin suna gidan tarihi yanzu, kuma ina iya rantsuwa babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Sunanka ya tsira, Kenzo ma ya huta. Ni kuwa idon da ka yi shekara talatin kana jira ya buɗe, ya buɗe a ranar da babu sauran abin da zan duba da shi. Akwatin ya zama fanko, ɗakin an fara cire masa rufi, masu saye na yanzu takardar shaida suke karantawa ba sa ko buɗe jaka. Ina ta kallon hannun samarin da ke zuwa aski ko zan ga mai irin yatsun da ka gani a wurina, duk wayar hannu suke shafawa a ƙarƙashin zane. Ko da na samu ma, ba ni da akwatin da zan gwada shi da shi. Ina jin haushinka, Malam, ba zan ɓoye ba, da kalma ɗaya ka faɗa da tana nan. Kuma na san da ka faɗa ɗin, da ban taɓa ganin ta ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya lulluɓe ka da rahama kamar yadda ka suturta mutane da yawa a ɗakin nan. Allah Ya sada ka da ƙanenka cikin salama, ku zauna ba kunya a tsakaninku. Ina miƙa ta'aziyyata ga Uwargida Fumiye, wadda ta yi shekara sittin tana dafa wa baƙinka ruwa, da Kaho da maigidanta da 'ya'yansu, da abokan zamana biyu da suka rage. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Maƙerin nan kuma da ban san sunansa ba, wanda ya huda dinya biyu a ƙarfe shekara ɗari huɗu da suka wuce, in kun haɗu ka ba shi haƙuri a madadina.

Ka ce in fitar da ita da kaina, Malam. Na fitar, babu saura.